Sanyi ya shigo Maradi: har yanzu muna da lokacin hutawa bayan kaka?

Ɗan_Gulbi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, kuma duk wanda ya fita sallar asuba a kwanakin nan ya ji yadda ɗari yake ratsa riga. Ina da maganar da nake so mu duba tare. A sanina, watannin nan na bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su ne lokacin da iyayenmu suke sassauta wa jikinsu: gero ya shiga rumbu, an gama roron wake da cirar gyaɗa, dare ya yi tsawo, mutum ya kwanta da wuri bayan isha'i, da safe ya sha kununsa mai zafi, ba zai fita ba sai hantsi ya dubi ludayi. Mu kuwa yanzu gudunmu ɗaya ne tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Muna raba dare a kan waya ko a fada, wato majalisar shayi ta samari a bakin titi, mu fito da sassafe cikin ƙura, sannan mu cika farmasi da kukan mura da tari da ciwon kai. Ina ganin ya kamata mu rage gudu a wannan lokaci, mu ba barci da abinci mai ɗumi da zaman gida haƙƙinsu. Akwai waɗanda suke sauya tsarin rayuwarsu idan sanyi ya shigo? Me kuke yi, kuma me kuka ga ya amfane ku?

Hajiya_Bagalam:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo abin da nake yi wa ƴaƴana da jikokina faɗa a kansa kowace shekara. A gidana, da zarar sanyi ya shigo, wankan yara yakan koma tsakar rana bayan sun dawo daga lakwal, domin wankan asuba a tsakar gida iska tana kaɗawa ba ya barin yaro da komai sai majina. Da magariba nakan ajiye ɗan gwangwanin man kaɗanya kusa da murhu har ya narke, idan an gama cin tuwo kowane yaro ya miƙo ƙafarsa, in wanke, in goge, in cusa man cikin faso da ɗan yatsa, in sa masa safa, sannan in ɗan shafa masa a leɓe. Fura mai sanyi muna rage ta da dare, mu koma ga kunun tsamiya ko kunun gyaɗa da citta da kanumfari. Ƙarfe 9 na dare ƙofar gidana a rufe take, kuma da asuba ba na fama da kowa wajen tashi.

Manomin_Jiratawa:
Malam Ɗan_Gulbi, da izininka zan gyara wani abu. Hutun bayan kaka da kake magana a kansa bai taɓa zama na kowa da kowa ba. Mu da muke bakin Gulbi yanzu ne aikinmu yake tashi, domin tumatir da albasa da kabeji da salati a sanyin nan suke so, idan zafin Maris da Afrilu ya zo tumatir ba ya ɗaure ƴaƴa yadda ya kamata, ga zogale da ba a daina ba shi ruwa. Wanda ba shi da lambu kuma, da ya ɗaure damin ƙarshe sai ya rataya jakarsa ya tafi cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas, waɗanda suka rage su buga tubali su gyara katangar da damina ta zubar. Abin da na yarda da shi cikin maganarka shi ne sauya sa'o'in aiki. A sanyi ba na sa ƙafa cikin ruwa da asuba. Ina jira rana ta fito in yi ban ruwa, da azahar in zauna in ci abinci a natse, in ɗan taɓa aiki da la'asar, kafin magariba ina cikin gida. Iyakar hutun da manomin rani yake iya samu ke nan, kuma ya fi babu.

Ɗan_Tibiri:
Ina bayan Manomin_Jiratawa. A wajenmu sanyi lokacin biki ne da ɗaurin aure da kokawa, saboda lokacin ne akwai hatsi a rumbu da ɗan kuɗi a hannu. Ko gasar kokawa ta Takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma Kantu na Maradi ya fara ɗaukar takobin, yawanci a ƙarshen Disamba ake yin ta. Mutanen zamanin da ba kwance suke yini ba a wannan lokaci.

Mai_Kabukabu:
Ranku ya daɗe, ni maganar hutu ina jin ta ne kamar ta wasu mutane dabam. Cinikina mafi ƙarfi daga ƙarfe 6 da rabi ne zuwa 8 na safe, lokacin da ake kai yara lakwal kuma ma'aikata suke tafiya biro, wato daidai lokacin da ɗari ya fi tsanani. Idan na ce zan jira hantsi, kuɗin mai babur da na cefane ba za su fito ba. Iska tana dukan ƙirji, ido yana ja, da yamma idan na fyace hanci ƙura ce take fitowa. Ba zan ɓoye muku ba, da yawa daga cikin abokan sana'armu da tramol da kofi mai kauri suke karya kumallo don kada su ji sanyi da gajiya. Ni ban sha, amma ina ganin yadda yake cinye samari. Wanda yake da shawarar da ta dace da irinmu ya kawo ta.

Ma'aikaciyar_Lafiya:
Ƙanena Mai_Kabukabu, tambayarka ta fi kowacce muhimmanci a wurina, kuma zan haɗa ta da ta Ɗan_Gulbi. Iskar nan tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai laushi ƙwarai, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Busasshiya ce, shi ya sa take busar da cikin hanci da maƙogwaro har fatar wurin ta tsage, wasu su yi haɓo, kuma ta irin wannan tsagewar ƙwayoyin cuta suke samun hanyar shiga. A Disamba da Janairu dare a Maradi yakan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya kai 30 ko ya wuce, saboda haka jiki yana fama da yanayi biyu a yini ɗaya.

Kai da ba ka da halin zama a gida, ka rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani, ka sa riga mai tare iska a ƙirji, ka sa tabarau, kuma ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali iska tana tsotse ruwan jiki. Hutunka kuma ka nemo shi a farkon dare: babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, idan za ka tashi ƙarfe 5 to ƙarfe 10 ta same ka a kwance. Tramol ba ya kawar da gajiya, rufe ta yake yi, yana kama mutum har ya kasa bari, kuma idan aka sha da yawa yana kawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Mutumin da yake tuƙa yaran mutane bai kamata ya kusance shi ba.

Akwai abu biyu da nake roƙon kowa ya riƙe. Na farko sanƙarau, domin ƙasarmu tana cikin yankin da cutar take yawan ɓarkewa, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta daga Disamba ne zuwa Yuni. Allurar rigakafin da aka fara yi a 2010 a Nijar da Mali da Burkina Faso ta karya nau'in A, amma akwai wasu nau'o'in, kuma na C ne ya yi ɓarna a 2015, musamman a Yamai. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da wuya ya sanƙare, ko jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, wannan ba abin a ce ya kwanta ya huta ba ne, a kai shi likita a wannan sa'ar. Na biyu kaskon gawayi a ɗaki rufe. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu.

Malam_Limanci:
Allah ya saka wa Ma'aikaciyar_Lafiya da alheri. Abin da ta faɗa game da wuta yana cikin karantarwar addini, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a cikin gida idan za a yi barci. Haka kuma ya tabbata cewa yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Da mun riƙe waɗannan biyun kaɗai, da mun samu rabin abin da Ɗan_Gulbi yake nema. Daren sanyi yana da tsawon da zai ishi mutum ya yi barci ya ƙoshi kuma ya tashi ya yi nafila, yinin kuma gajere ne, azumi ba ya wahala, shi ya sa masu ramuwa da masu azumin Litinin da Alhamis suke son wannan lokaci. Ana yawan tambayata ko dumama ruwan alwala yana rage lada. Babu laifi a dumama shi, abin da ake so shi ne a cika alwalar, ruwa ya game gaɓoɓi, kada tsoron sanyi ya sa a bar dugadugai a bushe. Sai dai ina tunatar da mu almajiran da suke kwana a zaure da bakin shaguna da ƴar riga guda. Wanda ya saya wa ƴaƴansa rigar sanyi a gwanjo ya ƙara guda ɗaya.

Matashin_Fada:
Allah ya gafarta Malam, na ji hadisin kuma ba ni da ja a kansa. Amma tunda an ambaci fada tun a farkon magana, ina so manya su san dalilin da ya sa muke zama. Da yawanmu mu huɗu ko biyar ne a ɗaki ɗaya, babu aikin da za mu tashi mu je da safe, kuma a fada ne muke jin inda ake neman lebura, a nan muke haɗa kuɗi idan ɗayanmu ya kwanta ciwo, kuma zamanmu a bakin titi yana hana ɓarayi sakewa a unguwa. A sanyi ma murhun shayin shi ne abin jin ɗuminmu. Idan aka ce mu shige gida ƙarfe 9, ba barci za mu yi ba, waya za mu riƙe.

Mushe_Zariya:
Ƙanena, hujjarka tana da ƙarfi, amma ba ta taɓa maganar shayin ba. Shayi mai kauri zagaye uku bayan ƙarfe 10 na dare shi ne yake korar barcin da kake cewa ba ya zuwa. Ku dafa na farko bayan la'asar, na dare ya zama na citta ko na'ana'a, za ku ga bambanci ba tare da an rushe fada ba.

Ina kuma so in ja hankali kan wani abu, saboda ina ganin rubuce-rubuce a intanet game da hutun lokacin sanyi waɗanda aka yi su domin mutanen Turai, inda a wasu wurare rana take faɗuwa ƙarfe 4 na yamma. Mu ba haka muke ba. Maradi tana kusan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, yininmu mafi gajarta a Disamba kusan awa 11 da minti 20 ne, mafi tsawo a Yuni kusan awa 13. Ratar kimanin awa ɗaya da rabi ce. Ba mu da dalilin rufe kanmu a ɗaki, amma wannan awa ɗaya da rabin da dare ya ƙaru da ita ta barci ce, kuma mu mun ba waya ita. A ajina, a Janairu, lokacin da rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 7, ina ganin yara suna gyangyaɗi tun darasin farko, hannuwa cikin hammata, wasu ko kunu ba su sha ba. Yaron firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma ba zai samu ba idan tele tana kunne har sai manya sun gaji.

Ƴar_Mokoyo:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban ga wanda ya tambayi wa yake dumama ruwan nan da kowa yake yabo ba. Kunu mai zafi da asuba, ruwan wanka, ruwan alwalar maigida, ɗumame, duk wata ce take fita tsakar gida cikin duhu ta hura wuta kafin su samu. A sanyi aikin mace ƙaruwa yake yi: ƙura tana sa shara sau biyu a yini, wankin barguna da rigunan sanyi yana tsaga hannu, yara suna tari a kwana ana jinya. Idan ana so a rage gudu a gida, to a raba aikin. Samarin gida su ɗebo ruwa su faskara itace tun da yamma, maigida ya sayi fulas babba a zuba ruwan zafi tun dare, kuma a yarda cewa ba kowace safiya ce sai an dafa sabon abu ba.

Hajiya_Bagalam:
Ƴata, gaskiya kika faɗa, kuma mu a zamaninmu har da daka da surfe a wannan asubar. Maganar fulas ɗin nan maza su ji ta da kyau.

Ɗan_Gulbi:
Na gode da gyare-gyaren. Manomin_Jiratawa da Ƴar_Mokoyo sun nuna cewa hutun ba a raba shi daidai ba, tun da can har yanzu. Amma ina nan a kan cewa da da yanzu akwai bambanci, domin ko mai lambu da mai cin rani na wancan zamani idan duhu ya yi sun gama, babu abin da yake riƙe idonsu har tsakar dare. Ina so in ji daga dattawa ko haka abin yake.

Baba_Madarunfa:
Ɗana, haka yake, amma, kamar yadda Ɗan_Tibiri ya faɗa, ba kwance ake yi ba. Aiki ne ake sauyawa daga mai nauyi zuwa marar nauyi. Da hantsi dattawa sukan jingina da katangar da rana take bugawa, wani yana tufkar igiya, wani yana saƙar zana ko gyaran kwando, ana dara a ƙasa. Mata suna kaɗi da ɓarar gyaɗa a rana. Da dare a hura kara a tsakar gida a ji ɗumi, tsofaffi su yi wa yara tatsuniya, wuta tana mutuwa kowa ya shige. Hannu yana motsi, amma zuciya ba ta gaggawa. Abin da na ga ya ɓace shi ne wannan rashin gaggawar, domin yanzu ko mutum yana zaune hankalinsa yana wurare goma. Ni har yau bayan rana ta fito nakan taka a hankali zuwa wajen tafki in dawo, kuma ranar da ban taka ba gwiwoyina sun fi ciwo.

Ɗankasuwa_SabonGari:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu ƴan kasuwa wannan ne lokacin da ba ma iya zama, domin aya da riɗi da wake yanzu suke fitowa daga ƙauyuka, wanda bai saya ya ajiye a kaka ba zai saya da tsada a bazara, kuma ranakun Litinin da Juma'a ko ruwa sai an tuna wa mutum ya sha. Abin da na ɗora wa kaina shi ne ƙailula: bayan azahar ina barin yaro a butiki in kishingiɗa rabin awa a kan buhuna. Na kuma daina amsa kiran ciniki bayan isha'i, kuma ban ga cinikin da ya gudu saboda haka ba.

Uwar_Biyu:
Ni damuwata dabam ce. Ɗana yana da sikila, kuma sanyi shi ne abin da ya fi tayar masa da ciwon ƙashi, saboda haka a gidanmu rage gudu dole ne. Ba ya wanka da ruwan sanyi, ba ya fita ba hula da safa, ina bin sa da ruwan ɗumi ya sha yini duka, kuma ranar da hazo ya yi kauri nakan nemi izini a lakwal ya makara. Ina roƙon malamai irin Mushe_Zariya su riƙa fahimtar iyayen irin waɗannan yara, da masu asma, kada a tsayar da su a fili da safe ana horo saboda latti.

Mushe_Zariya:
Roƙonki ya isa, Hajiya. Ki sanar da darakta da malamin ajinsa tun farkon sanyi, da takardar likita idan akwai, domin malami ba ya gane sikila a fuska.

Ma'aikaciyar_Lafiya:
Abin da Uwar_Biyu take yi daidai ne, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da suke tayar da ciwon. Tafiyar Baba_Madarunfa ma ina goyon bayanta, hutu ba ya nufin a daina motsi, sai dai dattawa su jira rana ta fito, kuma ranar ƙura mai yawa su haƙura. Masu hawan jini su sani cewa sanyi yana matse jijiyoyi, jini yakan ɗan ƙara hawa, kada su bar magani kuma su riƙa zuwa awo. Game da mura, yawancinta kwana kaɗan take yi ta wuce da hutu da ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, ba ta buƙatar kafso daga masu tallar magani a bakin hanya, amma jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma. Yaron da yake numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa yana shiga ciki idan ya ja numfashi, wannan alamar ciwon huhu ce, a kai shi likita.

Manomin_Jiratawa:
Hajiya Ma'aikaciya, ina da tambaya a kan gawayin nan. A bukkar lambu inda muke kwanan gadi, da kuma ɗakin tsohuwata, ba a iya kwana babu ɗumi. Idan an bar garwashin ya ja sosai a waje, hayaƙi ya ƙare, sannan aka shigo da shi, har yanzu akwai haɗari?

Ma'aikaciyar_Lafiya:
Akwai, Malam. Gubar ba a hayaƙin da ake gani kaɗai take ba, garwashin da ya ja jawur ma yana fitar da ita. A dumama ɗakin ƙofa tana buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara wa Inna bargo da safa da hula, a kuma ɗaga shimfiɗarta daga ƙasa. A bukkar kara kuwa ga haɗarin gobara, domin a iskar nan tartsatsi ɗaya ya isa.

Matashin_Fada:
Mun yi magana da abokaina a kan abin da Malam_Limanci ya faɗa game da almajirai. Akwai makarantar allo a bayan fadarmu, za mu zaga gidajen unguwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu tattara tsofaffin barguna da rigunan sanyi. Maganar mayar da shayi la'asar kuwa ba kowa ya yarda ba, masu zuwa aikin gini sun ce ba sa tashi sai magariba.

Mai_Kabukabu:
Idan kun tara kayan ku sanar da ni a nan, zan ɗauko na unguwannin da suke nesa da ku bayan na gama kai yara. Hajiya Ma'aikaciya, takunkumin yadi da ake wankewa ya isa tare ƙurar nan, ko sai na farmasi?